Bazarar da Na Koya wa 'Yata Wasan Shaho

A ƙauyenmu na can Kazage, bazara lokacin yara ne. An gama sussuka, ruwa bai sauka ba, rana ta yi zafin da babba ba ya iya komai sai kishingiɗa a gindin bishiya yana fifita. Mu kuwa lokacin ne muke fita. Mu jefi mangwaro tun yana ɗanye mu ci da gishiri da barkono, mu shiga daji mu kakkaɓo ɗorawa, mu dawo baki da riga duk sun yi rawaya. Idan rafi ya janye ya bar kududdufai, mu bi iyayenmu mata kwalfe, a tare ruwa da laka a kwashe shi da ƙwarya har kifi ya rasa wurin ɓuya. Babu mai tambayar inda muka je sai in magariba ta yi ba a gan mu ba. Haka na tashi. 'Yata ba ta samu ko ɗaya daga ciki ba.

Tana goye muka baro ƙauye, shekarar da mutanen daji suka hana mu noma. Muka dawo cikin Birnin Gwari, can gefen Magajin Gari, wani gidan kawun maigidana da ba a ƙarasa ginawa ba. Ɗaki biyu ne masu rufi, ɗaya namu, ɗaya na surukata da muke kira Inna. Sauran gidan kango ne, da bulo a jibge da tsoffin kwanon rufi da duron ƙarfe da magina suka bari. Maigidana da ya saba da garma ya koma leburan gini. A nan na haifi na biyu, namiji. Ita kuma yarinyar ta girma tsakanin katanga huɗu, har ta kai shekarun da ake sa yaro makarantar allo.

'Yar fari ce, saboda haka ba na kiran sunanta. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka nake yi. Sai dai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. A gaban mutane ba na ɗaukarta, ba na yaba ta, in ta faɗi Inna ce mai lallashi. Inna ce ke kiranta ƙawata, su yi ta tsokanar juna a kan goro da gyaɗa. Wanda ya gan mu zai ce ban damu da ita ba. Alhali ko tsakar gida ta bari ta leƙa zaure, sai in saki abin da nake yi in bi ta da ido.

Bazarar da nake magana a kai ta yi zafi sosai. Kwanon rufi yana ta ƙas-ƙas da rana, jinjirin duk ƙuraje a wuya, ruwan randa kamar an ɗumama. Ba mai kwana a waje kamar da, kuma takalman kowa suna bakin ƙofa a jere, ko za a yi gudu. Yaran unguwa dai suna wasansu. Maza su yi bindiga da kara su raba kansu soja da ɓarayi, kullum rigimarsu ɗaya, kowa so yake ya zama ɓarawo don su ne masu babur. Ita kuwa ba na barinta fita. Sai ta tsotse ƙwallon mangwaro tas, ta shanya, ta tsefe gashinsa da tsinke, ta ce 'yarta ce. Ta tara su a gwangwani, kowace da zaninta na tsumma. Ta yi 'yar carafke ita kaɗai, ta ci kanta, ta yi wa kanta gori.

A wani suna ne na ji maganar da ta hana ni sukuni. Wata mata daga wajen Saminaka tana ba da labarin yadda aka shiga gidansu. Ta ce mutanen daji ba sa wahalar da kansu da neman yara. Uban suke sa wa bindiga a ƙeya su ce kira iyalinka, shi kuma ya kira, yara su fito da ƙafarsu don sun ji muryar babansu. Tana faɗa tana ɓare gyaɗa, kamar labarin kasuwa take yi. 

Washegari ina shara na ga shaho ya gitta. Kazar Inna ta yi wani irin kuka, 'yan tsakinta suka ɓace kamar ba a taɓa ƙyanƙyashe su ba, wannan ƙarƙashin turmi, wancan cikin itace. Ba su fito ba sai da Inna ta kaɗa tsaba a kwano. Daga nan na samo wasan.

Na ce da yarinyar, ke 'yar tsako ce, ni ce kaza. In na ce shaho, ko kika ji babura da yawa, ki nemi wuri ki ɓuya, kada ki yi motsi, kada ki yi tari. Kuma ko wa ya kira ki kada ki amsa. Ta ce ko Inna? Na ce ko Inna. Ta ce ko Baba? Na ce Baba ma, musamman shi, don shaho ya iya kwaikwayon murya. Sai kin ji na kaɗa tsaba a kwanon silba, sannan ki fito, kin ci. Tunda dama ba na kiran sunanta, kwanon ya yi mini daidai. Wanda ya ci yana da mangwaro, wani lokaci ƙanƙara in mai tallan ya biyo.

Ta so wasan fiye da yadda na zata. Da farko takan yi dariya a maɓoyarta, ƙafa a waje. Kafin a jima ta gwanance. Ta shige bayan buhu, ta kwanta cikin tabarmar da aka naɗe, ta lafe a akurki da kaji. Ni da kaina sai in nema in rasa. Nakan canza murya in kira ta kamar Inna, in ce ƙawata zo ga alewa, shiru. Wani daɗi nake ji a raina in ta yi shirun nan.

Rannan Inna ta dawo daga barka ta tarar da mu. Ta tsaya ta gama kallo, ta ce, "Wannan wane irin wasa ne? Yarinya tana zamanta lafiya za ki cusa mata tsoro a ƙashi? Mu da muka haife ku ba mu yi muku haka ba."

Na ce, "Inna, zamaninku ba a ɗaukar yara."

Ta kai ƙara wurin ɗanta. Shi kuma a gajiye yake, siminti har cikin gira, ya ce, "Ke dai kin cika fargaba. Allah ne mai tsarewa. Ki bar shi haka nan." Na ce to. Ban bari ba. Sai dai na koma yi in ba sa nan, na kuma ce da yarinyar sirrinmu ne ni da ita. Maganar kwano da maganar kada ta amsa kiran kowa, daga ni sai ita muka sani.

Muna da maƙwabciya, Bagwariya, Kirista, kowa Maman 'yan biyu yake ce mata. Su ma gudu ne ya kawo su. Mace ce mai dariya, in ta ɗauko itace a kafaɗa tana tafe tana waƙa sai ka rantse ba abin da ya taɓa samunta, alhali ƙaninta yana hannun mutanen daji tun damina. Wata safiya ta leƙo ta katanga.

"Amarya, yau kwalfe za mu a rafin bayan gari. Tashi ki ɗauko roba."

Na ce, "Wace amarya da 'ya'ya biyu? Ni ba inda za ni."

"To tsohuwa. Kin zauna a ɗaki kin yi fari kamar rogo. Ga 'yan sa-kai can a kan gada, mata sun fi a ƙirga, me zai cinye ki? Ko kifin kike tsoro?"

Inna tana jin mu ta ce, "Ja ta ku tafi, don Allah. Ko na huta da wannan fuska tata kamar an aiko mata da mutuwa. Ki shayar da angona ki bar mini shi. A kawo mini tarwaɗa mai kai, ban son ƙananan nan masu ƙaya."

Yarinyar ta riƙe mini zani, ta ce za ta bi ni, ba ta taɓa ganin rafi ba. Na ɓamɓare hannunta. Na ce wurin ya yi kusa da daji, ba na yara ba ne. Ta tsaya a bakin zaure da gwangwanin 'ya'yanta, ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi. Wurin da na ce ya fi ƙarfinta, ni na kama hanyarsa ina sauri kada a fara babu ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ranar nan. Rabona da irinsa tun ina budurwa. Muka tare bakin kududdufi da laka da ciyawa, muka jeru muna kwasar ruwa muna watsawa baya, ana waƙa, rabi da Hausa rabi da Gwari, wadda ba ta iya ba ta yi amshi da ihu. Laka mai sanyi har gwiwa. Wata tsohuwa ta zame ta zauna daɓas, ta ce a bar ta a nan, ta samu gida. Ruwa yana ja baya, kifi ya fara tsalle, ƙarfasa tana walƙiya a rana. Na ji wata murya tana shewa sama da ta kowa, ashe tawa ce.

Rana tana tsaka muka ji babura. Da yawa, daga wajen gari, ta gefen unguwarmu. Kowa ta tsaya da ƙwarya a hannu, ruwa yana ɗiga. Sai wata ta miƙa wuya ta ce 'yan sa-kai ne suke canjin aiki, ga jar hular shugabansu can. Aka sauke numfashi, aka koma waƙa.

A daidai lokacin yarinyar ta faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, ta ji wannan, ta ɓuya. Har na ɗaga ƙafa ɗaya daga cikin laka. Sai wata ƙatuwar tarwaɗa ta goge mini ƙauri, Maman 'yan biyu ta ƙwala ihu, "Ga ta Inna nan, kama ta, kama ta!" Na faɗa kanta da hannu biyu. Ta kuɓuce, na bi ta, muka yi ta kokawa mata suna dariya. Da na ɗago da ita na manta da abin da ya sa na ɗaga ƙafa. Ban sake tunawa ba sai bayan la'asar, muna tafe gida, roba a kaina, laka ta bushe mini har wuya.

Tun daga nesa na ga mutane a ƙofar gidanmu. Mata a tsaye cirko-cirko. Inna tana zaune a ƙasa ba ɗankwali, jinjirin yana kuka a cinyarta ba ta ma sani ba. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Ƙawata. Ba a ga ƙawata ba. Na shiga kewaye na fito, shi ke nan."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun da baburan nan suka wuce."

An duba rijiya. An duba gidajen maƙwabta, an je makarantar allo, an yi cigiya a masallaci. Aka kira maigidana daga wurin aiki, ya zagaye gidan yana kiranta har muryarsa ta fashe. Daga baya wani ya ce wa ya tabbatar duka baburan na 'yan sa-kai ne, ai an sha saje da su. Sai maigidana da mijin Maman 'yan biyu da wasu maza suka bi sawun taya zuwa bakin daji, wurin da ko itace an daina zuwa yi, da sanduna da adda.

Na saki robar, kifi ya watse a ƙasa. Na shiga ɗaki na ɗauko kwanon silba, na ɗebi dawa a buhu, na fito tsakar gida na fara kaɗawa. Wata ta ce inna lillahi, ta zautu. Wata ta kama mini hannu, na fizge. Na ce ku yi shiru, don girman Allah ku yi shiru. Na bi ɗaki-ɗaki ina kaɗawa, na je akurki, na je bayan itace. Ba ta fito ba. Na shiga kango ina kaɗawa. Na tsaya. Sai na ji ƙwas, ƙaramin bugu a jikin ƙarfe.

Duron magina ne, a tsaye a rana, da guntun kwanon rufi a bakinsa da kowa ya ɗauka dama can haka yake. Ta taka bulo ta shiga, ta jawo kwanon ta rufe kanta. Da na taɓa ƙarfen sai da ya ƙona ni. Tana dunƙule a ƙasa, gwangwaninta a ƙirji, ta jiƙe sharkaf, ta yi fitsari a zaune, leɓɓanta sun yi fari sun tsage. Ta ji kwanon, ƙarfin tashi ne babu. Na ciro ta, a gaban duk matan unguwa na kira sunanta, na yi ta kira, ban san sau nawa ba.

Maman 'yan biyu ce ta karɓe ta daga hannuna, don ni jijjiga ta kawai nake yi. Ta kwantar da ita a inuwa, ta jiƙa zani ta lulluɓe ta, ta sa aka haɗa ruwan gishiri da sukari tana ɗiga mata da cokali. Aka goya ta a babur zuwa asibiti, aka sa mata ruwa. Aka kuma tura wani ya dawo da maza. Sai dab da magariba suka shigo, ƙaya ta yayyage musu wando, sun kai har inda suka fara hango hayaƙin sansanin mutanen dajin. Allah ya sa ba a gan su ba. Har yau in na haɗu da mijin Maman 'yan biyu a hanya, gaisuwa nake yi kaina a ƙasa.

Kwana ɗaya muka yi aka sallame mu. Maigidana bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Na gaya masa komai a bakin gadon asibiti, ya saurara yana kallon ƙafarsa. Abu ɗaya ya tambaya. Ya ce, "A jikin duron nan na tsaya na kira ta. Ta ji ni?"

Kafin in buɗe baki ita ta amsa daga kwance, da 'yar muryarta. "Na ji ka, Baba. Har kana kuka. Ban fito ba." Ta juyo wurina. "Na ci ko?"

Na ce ta ci. Me zan ce? Ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Da muka koma gida Inna ba ta ce mini na gaya miki ba. Tarwaɗar da ta ce a kawo mata, maƙwabta suka gyara suka aiko da ita, ta ce a kai wa wasu, ba za ta iya ci ba. Yarinyar ta warware, ta koma tsefe 'ya'yanta. Amma na lura da uban. In ya dawo aiki ba ya kiranta daga zaure kamar da. Sai ya shigo ya neme ta da ido, ya gan ta, sannan ya zauna.

Bayan 'yan kwanaki na zaunar da ita ina yi mata kitso, don ya fi mini sauƙi in yi magana ba ta kallona. Na ce an canza dokar wasa. Daga yau ba shiga duro, ba shiga abin da yake rana. Kuma in Baba ya kira, ko Inna, ki fito.

Ta ce, "To in shaho ne ya yi muryarsa fa? Ke kika ce."

Na ce ai za ki gane.

"Ban gane ba rannan. Irin muryarsa ce sak."

Na ci gaba da kitso. Ina so in ce mata ƙarya na yi, babu shaho, babu mai kwaikwayon murya. Amma a satin nan ma an shiga wani ƙauye a hanyar Kazage, matar da ke kawo mana nono ba ta sake zuwa ba. Na kasa faɗa.

Can ta ce, "In ke shahon ya ɗauka, wa zai kaɗa mini?"

Tsinken kitson ya tsaya a hannuna. Duk lissafin da na yi ta yi a raina wata da watanni, ban taɓa sa wannan a ciki ba, sai yarinyar da ba ta fara wanke allo ba ce ta sa mini shi.

Da yamma, bayan ya ci tuwo, na ɗauko kwanon da dawa a ciki na ajiye tsakaninsa da Inna a kan tabarma. Na durƙusa. Na maimaita musu tambayar da ta yi mini, yadda ta yi ta. Na ce ni ba zan iya hana ta wasan ba yanzu, kuma ban san ko ya kamata in hana ba, abin da na sani kada ya zama ni kaɗai ce mai kaɗa mata kwanon. Inna ta kau da kai tana share ido da bakin zani. Shi kuma ya daɗe yana kallon kwanon. Na zaci zai yi jifa da shi.

Ya ɗauka. Ya juya shi a hannunsa da siminti ya farfasa, ya girgiza da ƙarfi, dawa ta yi tsalle ta zube a tabarma, kaji suka taso a guje.

Daga cikin ɗaki yarinyar ta ce, "Ba haka ba ne, Baba. A hankali ake yi."

Ya tsince dawar ya mayar, ya sake gwadawa a hankali. Ta ce saura kaɗan. Inna ta ce miƙo nan, kai ba ka taɓa kiwon kaji ba. Ni ina durƙushe a gefe ina kallon mutum biyun da suka ce in bari suna karɓa-karɓa suna koyo, ita kuma tana gyara musu daga bayan labule.